Shekarar da Umma ta fasa simintinta

Rannan na ji Aminu a ƙofar gida yana yi wa abokinsa bayanin tsakar gidanmu. Abokin ya leƙo ya ga siminti a gefe-gefe, tsakiya kuma rairayi da tsakuwa, ya tambaya ko ba a gama aikin ba ne. Aminu ya sunkuyar da kai ya ce simintin ne bai isa ba, in Abba ya samu hali za a ƙarasa. Ni magana ba ta zuwa mini lokacin da ake bukatarta, sai bayan an watse. Amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa a cikin abin da nake rubutawa na rayuwata na ware wa wannan shekarar wuri nata, domin kai Aminu da ke Zahra'u ku karanta in kun yi wayo. Kai a lokacin shekararka uku, ke kuwa kina ciki, ni ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Simintin ya isa har ya yi saura. An shafe tsakar gidan nan daga bango zuwa bango, sumul kamar faranti. Umma ce da bakinta ta sa aka fasa, kuma ni ce sanadi.

Sai na fara da ƙasar kanta. Unguwar nan tamu ta bakin garin Gaya, ta hanyar Ajingi, gona ce a da, gonar mijin Iya Gambo. Da ya rasu, 'ya'yansa da ke zaune a Kano suka kira dillalai aka yanka ta fegi-fegi. Da rani aka yi awon, da igiya da turaku, lokacin da ƙasa take a bushe ba mai iya cewa ga inda ta karkata. An fitar da titi, an fitar da lunguna da baro ke wucewa da kyar, amma ba wanda ya tuna da hanyar ruwa. Ciyawar gamba da ke iyakar gonar tun zamanin kakanni, wadda take tare ruwa ya tsaya ya nutse, aka tuge ta don tana ɓata layi. Kowa ya zo gini sai ya dubi maƙwabcinsa ya ɗaga nasa ya fi shi tudu. Abba yana cikin waɗanda suka fara gini, ya taso da mu daga babban gida na Toranke ya dawo kusa da shagonsa na ɗinki. Iya Gambo kuwa ta ƙi tashi. Gidanta na ƙasa, ɗaki ɗaya da rumfa da ɗan zaure, yana kusurwar da gonar ta fi gangarawa, daidai bayan gidanmu. Lungu ne kawai tsakaninmu, wanda in na buɗe hannuwana ina taɓa bangonmu na bulo da ɗaya, nata na tubali da ɗayan.

Ba mu haɗa jini da Iya ba, amma a zaurenta Abba ya riƙa ajiye kayan gini, daga randarta leburori suka sha ruwa. Umma ta tashi ba uwa, kakarmu ta Gafasa ta rasu tun tana ƙarama, don haka da aka haifi Aminu Iya ce ta tsaya mata kwana arba'in, ita ce dafa ruwan wanka, ita ce kunun kanwa. Tun daga nan take yi wa Umma faɗa kamar ita ta haife ta. Ni kuwa ƙawarta ce. Kullum na dawo daga makaranta, kafin lokacin Islamiyya, ni ke kai mata langar abinci, in zauna in taya ta ɓarar gyaɗa. Ita ke surutu, ni ke saurare. Ina son zaman ɗakinta domin ba ta taɓa tambayata me ya sa ba na magana ba.

A wurinta na ji abin da Umma ba ta taɓa faɗa mana ba, cewa tsakanina da Aminu akwai wani ciki. A Toranke tsakar gida jar ƙasa ce, da damina takan koma caɓi mai santsi, ga dabbobi suna tattakawa. Wata safiya bayan ruwa Umma ta ɗauko bokiti daga bakin rijiya, ciki ya kai wata bakwai, ƙafarta ta zame. Yaron bai zo da rai ba. Shi ya sa da ta gane tana ɗauke da cikin Zahra'u, ta aika Gafasa aka sayar da tumakinta, ta ce kafin ruwa ya sauka tana so a shafe tsakar gidan nan da siminti, kada a bar ko faɗin tafin hannu. Duk wanda ya ce don burga ta yi, bai san komai ba.

Tasi'u magini ne ya yi aikin. Ina tsaye a bakin madafi lokacin da ya ɗaure igiya yana duba inda zai karkatar da daɓen. Ta gaba ba zai yiwu ba, don maƙwabta sun cike titi da ƙasa har ya fi zaurenmu tudu. Sai ya nuna bangon baya.

"Nan zan fasa muku rariya, Malam Garba. Ya faɗa lungu ya yi tafiyarsa."

"Ya tafi ina?" in ji Abba.

"Inda ya saba mana. Ni magini ne, ba direban ruwa ba."

Suka yi dariya aka ci gaba da kwaɓi. Da simintin ya bushe Iya ta shigo gani, ta cire takalmi ta murza shi da tafin ƙafa.

"Rabi, wannan ai ko tuwo aka zubar sai a kwashe a ci. Allah Ya sa a taka lafiya."

Ban taɓa ganin Umma cikin irin wannan jin daɗi ba. Ta shanya kuɓewa da barkono ba tabarma. Da la'asar takan zauna ta miƙe ƙafa tana shafa simintin da hannu in ta ɗauka ba mai ganinta.

Da ruwa ya sauka, kwanon rufinmu ya zubo nasa a kan siminti, simintin ya tattara, ko ɗigo bai shiga ƙasa ba. Ana ɗaukewa tsakar gida ta tsane, Umma ta yi hamdala. Ni abin da ya kama kunnena daban ne, ƙarar rariya ce, kamar an bar famfo a buɗe. Na zagaya lungu na tsaya. Ruwan yana fita daga gidanmu da kaurin cinyar babban mutum, ba ya juya dama ko hagu, yana tsallake lungun ya daki gindin bangon Iya. Bayan ruwa na uku wurin ya yi duhu ya lotsa, na sa yatsuna biyu suka shige. Ranar da Umma ta yi wanki ta zubar da ruwan bula, washegari na ga shuɗi a cikin ramin, don haka ba mai ce mini ruwan wasu ne. Kuma duk safiyar da na leƙa kafin in tafi makaranta, sai in tarar an cike ramin da sabon yaɓe, da sawun yatsu huɗu a jiki, ɗaya a karkace. Na san hannun. Yatsan Iya na tsakiya ya taɓa karyewa tun tana budurwa.

Kwana uku na yi ina shirya maganar kafin ta fita daga bakina.

"Iya, ruwanmu ne yake cin bangonki."

Ba ta ɗago ba, sai da ta ɓare gyaɗar da ke hannunta.

"Ke da ba ki da baki ashe kina da ido. Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa."

"To ya tsaya nan. Uwarki ta sayar da abin da ta mallaka don hankalinta ya kwanta, ga ta da juna biyu, ni ce zan je in ce mata ruwanki ya dame ni? Da wane bakin? Kuma ki ji da kyau, in maganar nan ta kai kunnen Ɗanlami, kashina ya bushe."

Ɗanlami shi ne babban ɗanta. Ya daɗe yana so ya ɗauke ta ya kai ta Kano, a sayar da gidan kamar yadda aka sayar da gonar. Da suka yi ta ja, ya ce ya bar ta, amma ranar da ɗakin ya nuna alamar faɗuwa, ranar zai zo da mota. Ba mugu ba ne, tsoro yake kada gini ya danne masa uwa. Ita kuwa a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife su duka, kuma takan ce a Kano ko kazar mutane ba ta sani ba.

"Yi mini alkawari, ƙawata."

Na yi mata.

Na riƙe alkawarin nan kusan wata biyu, ina kallo. Danshi ya ratso ta ciki, bangon ya fara fitar da wani farin gari kamar kanwa. Iya ta janye jeren kwallayenta daga jikinsa, ta ce shara za ta yi. Bayan mako guda ta jawo gadonta tsakiyar ɗaki. Sannan na ga tsaga, siririya, ta taso daga ƙasa ta nufi taga. Na zare tsinken tsintsiya na sa, ya shiga. Bayan ruwa biyu fensirina ya shiga. Ranar da na zauna a ɗakin na hango hasken waje ta cikin tsagar, na kasa cin gyaɗar da ta ba ni. Ku da kuka zo daga baya ba za ku san wahalar da ke gabana ba. Ni ce 'yar fari. Umma ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni kamar yadda take yi da ku, magana tsakaninmu ba ta wuce ɗauko wannan, ajiye wancan. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin ta iyayenmu, kuma ni ma haka na tashi ina jin nauyinta. In tsaya a gabanta in ce abin da ta fi so a gidan nan shi ke rushe wa Iya ɗaki, na gwammace a ce in tashi in yi karatu a gaban taron makaranta.

Wata Juma'a na same ta a rumfa tana tankaɗe.

"Umma."

"Mene ne?"

"Ɗakin Iya zai faɗi. Ruwan rariyarmu ne. Ta ce kada in faɗa."

Ta tsayar da hannunta ta dube ni, doguwar duba irin wadda ba ta saba yi mini ba. Ta karkaɗe zaninta ta yafa mayafi ta fita, ina biye.

"Iya, me ya kawo gadonki tsakiyar ɗaki?"

"Iska nake nema. Ko sai na zo na nemi izininki?"

"Wannan tsagar fa?"

"Ginin ya girme ki, Rabi. Ke ma in kin kai shekarunsa sai kin tsage."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta fita lungu, ta dafa bango ta durƙusa da kyar, ta tura hannunta cikin sabon yaɓen. Hannun ya shige har gwiwa. Iya tana tsaye a bakin zaure, ba Umma take kallo ba, ni take kallo.

"Ashe haka kike," ta ce, ta koma ciki.

Kada ku ɗauka nan take Umma ta ce a fasa. Fushi ta yi, kwana huɗu.

"Ni kaɗai ce mai siminti a unguwar nan? Su da suka cike titi suka toshe mana gaba ba a ga laifinsu ba? 'Ya'yanta da suka cinye gona guda su zo su yi mata ɗakin bulo mana!"

Abba ya kira Tasi'u suka zagaya lungun. Tasi'u ya ce a sa bututu a ja ruwan zuwa bakin lungu, suka je suka tarar wani ya tayar da katanga a can, ba mafita. Suka jera buhunan yashi a gindin bangon Iya, ruwan da aka yi washegari ya taru a lungun ya haye buhunan ya kwanta a bayansu, abin ya fi da muni. Wani maƙwabci ya ce a haƙura har hukuma ta zo ta yi kwata, Tasi'u ya tambaye shi ko ya san ranar. Da yamma Abba yana cin abinci a rumfa, sai ya fara magana kamar da kansa yake.

"Ƙasar nan fa rairayi ce. Da tana gona ta sha ruwan shekara da shekaru, ba ta taɓa tura wa kowa ba. Mu muka zo muka rufe mata baki."

Ya tsaya a nan, ya koma juya miya.

"Ƙarasa mana, Malam," in ji Umma.

"Ban ce komai ba."

"Ka ce."

Rana ta biyar hadari ya haɗo daga gabas bayan azahar, baƙi ƙirin. Abba yana shago. Umma ta leƙa sama ta ce in ɗauko tsohon buhu da tsummoki in toshe rariyar, in tokare da bulo.

"Ina so in gani da idona," ta ce.

Muka tsaya a ƙofar ɗaki, Aminu yana riƙe da zaninta. Ruwa ya kece. Da farko ya kwanta a kusurwar baya, sannan ya fara tahowa. Ya ɗaga buta, ya ɗaga takalman Aminu suna yawo, ya shiga madafi ya kashe wutar da ke murhu. Kafin a ɗauke ya taɓa dokin ƙofar ɗakin da muke tsaye. Na sauka don in kamo butar, ya kai mini rabin ƙwauri. Tsakar gidan nan duka ta zama tafki, daga ruwan da bai kai tsawon darasi ɗaya na makaranta ba.

"Duk wannan muke aika mata?"

"E, Umma."

"Kowane ruwa?"

"Kowanne."

Abba ya dawo ya tattare wando zai buɗe rariyar, ta ce kada ya taɓa. Da bokiti muka kwashe, ni da shi, muna ratsa zaure muna tsallake titi muna juyewa a wani fegi da ba a gina ba. Abin da na lura da shi, duk bokitin da na juye a wurin, kafin in dawo da wani ƙasa ta shanye shi. Har aka kira magariba muna yi. Umma tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallonmu.

Da safe ta ce in ɗauko gawayi. Ba ta iya sunkuyo, don haka ita ke tafiya tana nuna mini da ƙafa, ni ina binta a tsugune ina zana layi. Daga ƙofar ɗaki zuwa madafi. Daga madafi zuwa randa. Daga ɗaki zuwa banɗaki, daga nan zuwa zaure.

"Faɗaɗa nan, da bokiti nake wucewa."

Da muka gama, hanyoyin sun zagaye gidan ta gefe, tsakiya ta zama fili guda ba layi. Ta aika aka kira Tasi'u.

"Inda aka zana ka bar mini. Sauran ka fasa."

Tasi'u ya cire hula ya sosa kai.

"Haba Hajiya! Aikin da na yi da hannuna, ko wata biyar bai cika ba? Mutane za su ce Tasi'u ya yi algus ya fashe."

"Ka ce musu mai gidan ce ta haukace."

Abba ya matso kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"Rabi, ki bari ki sauka tukuna. Ba wanda ya ce dole yanzu."

"Ɗakin zai jira ni in sauka?"

Cikin ya shiga wata bakwai a lokacin, daidai da wancan. Duk mun san abin da ke ranta, ba wanda ya ambata. Da Tasi'u ya ɗaga diga, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta ƙure muryar rediyo.

Kwana uku aka yi ana aiki. An fasa tsakiyar, an haƙa ta kai ƙugun mutum, aka mayar da ɓaraguzan simintin a ƙasa, aka zuba tsakuwa, aka rufe da rairayi, aka bar wurin ya ɗan fi hanyoyin Umma zurfi don ruwa ya gangaro masa. Tasi'u ya kakkarta saman hanyoyin kada su yi santsi. Ya ɗaura makwarari a bakin kwano ya sauke su cikin duro biyu, waɗanda muke wanki da ruwansu har yau. Rariyar ba a rufe ta gaba ɗaya ba, an ɗaga bakinta sama, sai ruwa ya fi ƙarfin ramin sannan ya samu fita. Abba ya hau mota ya je Toranke ya dawo da buhun saiwar gamba ya dasa a lungun. Sauran ɓaraguzan shi da Tasi'u suka jera a gindin bangon Iya suka cike da laka mai haɗe da ciyawa, suka ɗinke tsagar ciki da waje. Iya tana zaune a rumfarta tana yi musu faɗa tun farko har ƙarshe, wai sun hana ta barcin rana. Da Umma ta shigo duba aikin, sai Iya ta bar faɗan, ta daɗe tana kallon cikin Umma, ta ce:

"Ban sa ki ba, Rabi."

"Ni ma ban tambaye ki ba, Iya."

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Rairayi yana bin ƙafa ya shiga ɗakuna, shara ta koma sau uku a rana. Shanya ta koma kan tabarma. Dangi da suka zo daga Toranke suka koma suna cewa Garba ya fasa wa matarsa siminti don ya faranta wa tsohuwar da ba uwarsa ba. Umma kuwa, duk ranar da aka yi ruwa, nakan gan ta tana bin hanyarta a hankali, hannu ɗaya a bango, ɗaya a ƙasan cikinta, leɓenta yana motsi. Ɗaukar bokiti ta dawo kaina gaba ɗaya. Ni ma na biya nawa. Iya ta daina yi mini magana. In na kai langa sai ta nuna ƙasa da haɓa, in ajiye in tsaya, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ita kaɗai, in juya. A duk garin nan ɗakinta ne kawai inda shiruna ba ya damun kowa, ga shi an rufe mini.

Ruwan farko bayan aikin mai ƙarfi ne. Ya cika durorin, ya taru a tsakiyar gida har idon sawu, muka zuba masa ido. Aka ɗauke. Ya fara ja da baya yana barin ƙananan kumfa a kan rairayi, kafin la'asar ba komai sai danshi. Na ruga lungu. Bakin rariyar a bushe yake, har da gizo-gizo a ciki.

Labari dai ya kai Kano, don Tasi'u ba ya iya riƙe magana. Wata Asabar da hantsi, bayan an kwana ana yayyafi, mota ta tsaya a bakin titi. Ɗanlami ne, ya zo har da igiyar ɗaure kaya. Ina rumfar Iya na kawo koko lokacin da ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce:

"Iya, mun yi magana da ke. An ce mini ɗakin ya tsage."

"Wanda ya ce maka, a ɗakin yake kwana? Ga shi nan, je ka duba. In ka ga ruwa ka ɗebo mini, dama randata ba kowa."

Ya shiga ya shafa bangon. Ya fito ya zagaya lungu, ya tsuguna ya danna gindin da babban yatsa, ya dubi rariyarmu. Abba ya fito ya ja shi cikin gidanmu ya nuna masa. Ɗanlami ya tsaya a bakin zaure yana kallon rairayin da hanyoyin siminti, ya tambaya wa ya ba da wannan shawara, ko injiniya aka kira. Abba ya nuna ƙofar ɗakin Umma da kai. Ɗanlami ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki.

"Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Allah Ya sauke ki lafiya."

Ya koma wurin uwarsa ya ce zai sake zuwa ƙarshen damina ya duba. Ta ce ya taho mata da goro mai kyau, na wancan karon duk tsutsa ne. Da ƙarar motar ta yi nisa, na ɗauki kwanon kokon zan fita.

"Ina za ki? Wa kika bar wa gyaɗar nan, ni da yatsu tara da rabi?"

Na zauna. Ba ta taɓa ta da maganar alkawarin ba, ni ma haka.

An haifi Zahra'u da kaka, lafiya lau. Iya ta ƙara damina uku a ɗakinta, gadonta a jikin bango inda yake tun farko. A kansa ta rasu ranin da ya wuce, Umma tana riƙe da hannunta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Bayan an yi arba'in aka sayar da gidan, wanda ya saya ya rushe ya tayar da bulo, ya cike ƙasa har ta fi tamu tudu. Watan jiya iyalinsa suka tare. Shekaranjiya ina dawowa daga makaranta na ga ana sauke buhunan siminti da yashi a ƙofarsu, na ji lebura yana cewa tsakar gida za a shafe. A bayansu kuma akwai wani gidan da ya fi su ƙasa, mai yara ƙanana. Na shiga na faɗa wa Umma, wannan karon ban kwana uku ina shiri ba. Ta sauke tukunya, ta zuba dambu a kwano ta rufe.

"Tashi mu je mu yi wa matar barka da zuwa. Ni zan yi gaisuwa. Bayanin ruwan kuwa ke za ki yi, ke kika fi kowa saninsa."

Na ɗauki kwanon, na wuce gaba.